Daga dandali zuwa filin lakwal: tarihin horon jiki a arewacin Adar da amfaninsa ga ɗaliban shekarar farko

Gabatarwa

A cikin darussan da ake koyarwa a makarantun Nijar, babu wanda ake rainawa kamar horon jiki, wato abin da takardun hukuma ke kira éducation physique et sportive, ko EPS a taƙaice. Shi ake fara sokewa in lokaci ya ƙure, kuma uwaye ba su cika tambayar makinsa ba. A ƙauyukan Adar, inda yaro ke tashi cikin noma da kiwo da jan ruwa, tambayar da manomi ke yi tana da hujja: mene ne amfanin a sa yaron da ya saba wuni a gona ya yi ta zagaya fili da gudu?

A wannan kasida za mu bi tarihin darasin domin mu amsa tambayar. Mun ɗauki misalin Barmu, ƙaramar hukumar karkara da ke arewa maso gabas da birnin Tawa, dab da inda ƙasar noma ke ƙarewa ta kiwo ta fara. Da muka ce ɗaliban shekarar farko, muna nufin ƴan ajin shiga kwaleji (sixième), yara masu shekara 12 zuwa 14, waɗanda da yawansu a wannan shekara ce suke fara barin gidan uwayensu. A ƙarshe za mu taɓo ɗaliban shekarar farko ta jami'a. Abin da muke so mu nuna shi ne, tun zuwan lakwal akwai makarantun jiki guda biyu a Adar, ta dandali da ta filin makaranta, kuma duk amfanin da sabon ɗalibi zai samu ya rataya ne ga yadda aka haɗa su.

1. Horon jiki kafin zuwan lakwal

Tarihin Adar, kamar yadda Djibo Hamani ya tsara shi a littafinsa na 1975 a kan Adar kafin mulkin mallaka, tarihi ne na ƙasar da ke tsakanin masu ƙarfi: Kabi da Gobir daga kudu, Abzin daga arewa. A shekarar 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci ƙasar da yaƙi. A ƙarni na 19 kuma manoman arewacin Adar sun zauna tsakanin ikon Sakkwato da na Buzayen Kel Gres da Iwillimidan. A irin wannan zama, gari ba ya tsira sai da samari masu iya gudu, da harbin baka, da jure ƙishirwa. Nicole Échard, wadda ta yi nazarin manoman Adar, ta nuna yadda fari da yunwa da ƙaura suka zama ginshiƙan abin da mutanen ƙasar ke tunawa na tarihinsu. Ƙarfin jiki a nan jari ne na gida da na gari.

Horon ya kasu gida biyu. Na farko shi ne aiki: yaro yana fara bin awaki, sa'an nan ya riƙe hauya, ya shiga gayya tare da tsararsa. Yarinya tana koyon daka, da ɗaukar tulu, da tafiya itace. Na biyu shi ne wasa. Da dare a dandali, musamman in akwai farin wata, maza na yin langa, inda kowa ke riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, yana neman ture abokin karawa. Ƴan mata na yin gaɗa, wadda ta haɗa waƙa da tafi da tsalle, ɗaya ta faɗo da baya sauran su cafe ta. Bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, sai kokowa: gari ya gayyaci gari, makaɗa su zo, a fara da ƙananan yara, a bi tsara tsara har a kai ga manyan ƴan kokowa. Sarkin samari ne ke tsara taron. Fulani na da sharo, Buzaye na da tseren raƙuma.

Abubuwa uku ne ya kamata mu riƙe game da wannan makaranta. Tana bin tsara, ba a haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa nesa. Tana da doka da kowa ya sani, kuma jama'a ce alƙali. Sa'an nan tana koyar da faɗuwa: wanda aka kayar yana tashi ya kaɗe ƙura a gaban mutanen garinsu, ya dawo baɗi. Abdou Moumouni, a littafinsa L'éducation en Afrique na 1964, ya jawo hankali a kan cewa tarbiyyar gargajiya ba ta raba horon jiki da gyaran hali da koyon sana'a. Lakwal ce ta zo ta raba su.

2. Jinastik ɗin Nasara, 1900 zuwa 1960

Darasin da Faransawa suka kawo, a barikin soja aka haife shi. Makarantar soja ta Joinville, wadda aka buɗe a 1852, ita ce ta horar da masu koyar da jinastik a Faransa. Bayan kashin da ƙasar ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870, dokar 27 ga Janairu 1880 ta wajabta jinastik a makarantun maza, a 1882 kuma aka kafa rundunonin ƴan makaranta masu fareti da bindigogin katako. Manufar a fili take: a shirya soja tun yana ƙarami.

Da wannan tunani darasin ya iso Afirka ta Yamma. Sojojin Faransa sun kafa sansani a Tawa a farkon ƙarni na 20, Nijar ta zama ƙasar mallaka mai cin gashin kanta a 1922, aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. A 1910 Charles Mangin ya wallafa La Force noire, inda ya ɗauki Afirka a matsayin rumbun sojoji. Dokokin 1912 da 1919 suka kafa ɗaukar soja na tilas. Sai dai likitocin da ke duba samari sun riƙa mayar da mafi yawansu gida, bisa dalilin rama da cututtuka. Bernadette Deville-Danthu, a littafinta Le sport en noir et blanc na 1997, ta nuna cewa wannan damuwa ce ta sa hukumomin mulkin mallaka suka kula da horon jiki bayan yaƙin duniya na farko, kuma hafsoshin soja aka fara danƙa wa aikin.

Akwai wani abin mamaki a nan. Hanyar koyarwar da ta fi tasiri a lokacin ita ce ta Georges Hébert, hafsan sojan ruwa, wadda ya kira méthode naturelle. Ya gina ta a kan motsi iri goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita jiki, jifa, ɗaukar kaya, kare kai da iyo. Shi kansa ya ce ganin jikin mutanen da ya tarar a tafiye-tafiyensa, har da na Afirka, ya sa masa wannan tunani. In aka cire iyo, babu ɗaya cikin goman da yaron Barmu ba ya yi tsakanin gida da rijiya da gona. Wato an ɗauki abin da yake yi kullum, an kai Turai an rubuta, an dawo masa da shi cikin sahu, da usur, da umurni cikin harshen da ba ya ji.

Ga yaron da aka kamo aka kai lakwal, domin a wancan zamani kamu ake yi, kuma sarakuna da yawa ƴaƴan barorinsu suka riƙa turawa, jinastik shi ne darasin farko na biyayya. Kafin ya san baƙi ko ɗaya, ya san shiga layi, da juyawa dama da hagu, da tsayawa cik in mushe ya daka tsawa. A idon uwayensa, waɗanda suka san ɗaukar soja da aikin tilas har zuwa soke shi a 1946, abin da ake yi a filin lakwal bai bambanta da na bariki ba. Muna ganin a nan ne tushen rainin da ake yi wa darasin har yau.

In muka leƙa ƙetaren iyaka za mu ga wata hanya dabam. A kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, Ingilishi sun fi ba da ƙarfi ga wasannin ƙungiya da gasa, irin su kurket da fayif, da nufin gyaran halin waɗanda za su riƙe mulki. Faransawa sun nemi jiki mai biyayya, Ingilishi sun nemi shugaba mai ladabi. Dukansu biyu sun bar langa da kokowa a bayan danga.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa sun ɗan sassauta. Ƙwallon ƙafa da guje-guje sun shiga makarantu, aka fara gasar kofin Afirka ta Yamma a 1947. A wannan zamani ne Tawa ta samu makarantar horar da malamai (cours normal), wadda ɗalibanta suka bazu cikin ƙauyuka da abin da aka koya musu. Duk da haka, a 1960 yaran Nijar da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ga sauran, dandali ne makarantar jiki.

3. Daga samun ƴancin kai zuwa gasar Tawa ta 1975

Gwamnatin Diori Hamani ta gaji tsarin Faransa kusan yadda yake. Abin da ya canza shi ne manufa: yanzu ana neman ƴan wasan da za su ɗaga tutar ƙasa. Lambar tagulla da ɗan dambe Issaka Daboré ya ciyo a wasannin Olimpik na Munik a 1972, ta farko a tarihin Nijar, ta ƙarfafa wannan buri. Filin makaranta ya zama wurin zaɓen gwanaye. Malami na duba wanda ya fi gudu ko tsalle, sauran kuwa su tsaya kallo.

Babban canji ya zo bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kountché, wanda ya karɓi ƙasa cikin yunwar fari, ya nemi abin da zai haɗa kan jama'a ba tare da jam'iyya ba. Ya farfaɗo da samariya, kuma a 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a birnin Tawa, inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya yi nasara. Gasar, wadda daga baya aka sani da gasar takobi, ta riƙa zagaya manyan biranen jihohi, aka gina filayen kokowa, aka rubuta dokoki, aka horar da alƙalai, rediyo ya kai sunan ƴan kokowa har rugage. A wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamba 2005, kokowa na cikin wasannin da aka fafata.

Shekarar 1975 ta nuna cewa wasan dandali na iya samun doka a rubuce da alƙali da daraja ta hukuma. Amma kokowa ta hau daga ƙauye zuwa filin ƙasa ne kai tsaye, ba ta bi ta aji ba. An kafa cibiyar horar da malaman wasanni (INJS) a Yamai, sai dai ginshiƙin abin da ake koyarwa a kwaleji, da abin da ake gwadawa a jarrabawar BEPC, ya ci gaba da zama gudu da tsalle da jifa da jinastik. Yaron Barmu na iya jin kirarin gwanin garinsu a rediyo da dare, da safe ya shiga filin da ba a san wannan gwaninta ba. A 1978 hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniyar da ta ce horon jiki haƙƙi ne na kowane mutum. Tazarar da ke tsakanin wannan magana da filin kwalejin karkara ta ƙaru a shekarun da suka biyo baya.

4. Shekarun tsuke bakin aljihu da na yawaitar makarantu

Faɗuwar kuɗin yuraniyom a farkon shekarun 1980, da farin 1984, da shirin tsuke bakin aljihu, sun rage abin da gwamnati ke kashewa a kan kowane ɗalibi. A shekarun 1990 aka shiga bashin albashi da yajin aiki da shekarun karatu da aka soke ɗungum, ga kuma karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. In shekara ta gajarce, malamai na ceton lissafi da Faransanci ne, a bar EPS.

Daga 2003, shirin shekara goma na bunƙasa ilimi (PDDE) ya yawaita makarantu ƙwarai, da azuzuwan zana da malaman kwantiragi. Kwalejoji suka isa manyan garuruwan karkara. Kafin haka, yaron arewacin Adar da ya ci jarrabawar shiga kwaleji sai ya tafi Tawa ko wani babban gari, ya sauka gidan mai masauki, wani lokaci wanda uwayensa ba su taɓa gani ba. Yawaitar kwalejoji ta rage nisan, amma ba ta kawar da matsalar ba: ɗan ƙaramin ƙauye har yanzu ko dai ya yi tafiyar ƙasa safe da yamma, ko ya zauna gidan wani. A ƙasar da tafiya bida ta zama al'ada, inda samari ke komawa Abijan ko Libiya ko Nijeriya bayan kaka, yaron da ya ji lakwal ta ƙi shi yana da hanyar fita a buɗe, kuma ya ga yayyensa sun bi ta.

5. Abin da sabon ɗalibi ke samu

Hukumar lafiya ta duniya, a shawarwarinta na 2010 da na 2020, ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kowace rana. Wani bincikenta na 2019 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba su kai wannan ma'auni ba, kuma ƴan mata sun fi maza ƙaranci. Wannan hujja ta dace da ɗan birni. Ga ɗan ƙauye da ya yi tafiyar awa guda kafin ya iso aji, amfanin darasin yana wasu wurare ne, kuma guda huɗu muke gani.

Na farko ya shafi harshe. Ɗan sixième na shiga tsarin da malamai da yawa ke shiga suna fita, kowa da darasinsa, duka cikin Faransancin da yaron bai riƙe ba tukuna. A filin wasa kaɗai ne ƙarancin Faransanci ba ya hana shi nuna abin da ya iya. Yaron da ya wuni shiru a bayan aji na iya zama na ɗaya a tsere, kuma wanda ya taɓa zama na ɗaya a wani abu ba ya saurin yanke ƙauna. Ban da haka, kalmar da aka ji ana aikata ta a take ta fi zama a ka.

Na biyu shi ne samun tsara. Lakwal na buɗewa a watan Oktoba, daidai lokacin da dandalin ƙauye ke cika, wato ana cire yaro daga cikin abokansa a lokacin da ya fi jin rashinsu. Ƙungiyar wasa ita ce hanya mafi sauri da baƙo ke samun abokai. A yanki kamar Barmu, inda ɗan manomi da ɗan Buzu da ɗan Fulani ke haɗuwa a aji ɗaya, wasa na haɗa su kafin hira ta haɗa su.

Na uku shi ne idon malami. Malamin EPS ne kaɗai ke ganin yaro yana motsi. Shi zai fara lura da mai saurin haki, da wanda ya zo bai karya kumallo ba, da mai ciwon gaɓoɓi irin na amosanin jini, da wanda ba ya gani da kyau. Wannan amfani na juyewa ya zama cuta in malami ya riƙe halin bariki. Sa yaro mai yunwa zagaya fili a zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Tawa ke wuce 40, ko yin gudu a matsayin horon laifi, ba ya haifar da komi sai ƙin darasin da ƙin makarantar.

Na huɗu ya shafi ƴan mata. A al'ada, gaɗa na ƙarewa da aure, kuma shekarun sixième su ne shekarun da ake fara maganarsa. Aikin gida na ƙaruwa, wasa na raguwa. Darasin EPS na iya zama wuri ɗaya tak da ya rage wa yarinya ta yi gudu da tsalle da izinin manya. Sharaɗinsa shi ne a saurari uwaye game da tufafi da keɓe wuri, domin inda aka yi biris da wannan, takardar neman afuwa ce ke yawaita, ko yarinyar ta daina zuwa ranar gaba ɗaya.

Mafi yawan abin da muka faɗa ya shafi jami'a ma. Tun da aka kafa jami'ar Tawa a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, ɗan Adar na iya yin karatun gaba da sakandare kusa da gida. Amma ɗalibin shekarar farko baƙo ne shi ma, cikin babban zaure da cunkoso da zaman kujera na sa'o'i. A wannan mataki wasanni galibi ba su cikin darussan da ake ba maki, sun koma sha'anin wanda ya ga dama, wato waɗanda dama can gwanaye ne.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa kowane zamani ya nemi wani abu a jikin ɗalibi: Nasara sun nemi soja, gwamnatocin farko sun nemi lambar yabo, mulkin Kountché ya nemi haɗin kan ƙasa. Buƙatar yaron da kansa, wato ya zauna a makaranta ya wuce shekarar farko, ita ce aka fi mantawa. Manomin da ya yi tambayar da muka fara da ita yana da gaskiya in darasin zagaya fili ne kawai. In kuwa darasin ya zama ƙofar da yaro ke shiga makaranta da abin da ya riga ya iya, to amsar ta canza.

Wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Langa ba ta son ƙwallo ko raga, kokowa yashi kawai take so da malami mai sanin yadda ake haɗa tsara da yadda ake faɗuwa ba tare da rauni ba, kuma dokokinta suna nan a rubuce. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin harshe da tarihi. Tun makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci da aka buɗe a Damagaram a 1973, da dokar tsarin ilimi ta 1998, har zuwa kundin 2025 da ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, an fi mai da hankali ga kalmomin nahawu da lissafi. Sunayen kamu da kaye a bakin ƴan kokowar Adar, da dokokin langa gari gari, da tsarin gaɗa, suna jiran masu tattarawa su mayar da su littafin malami cikin harsunan biyu. Ɗalibanmu masu neman batun bincike za su samu aiki a nan, kuma gwanayen da suka ga gasar 1975 da idonsu tsufa na cim musu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.